Inda Ake Gwajin Tarin Fuka A Kaduna Da Abin Da Za A Nema Idan An Je

Duk wanda tari ya kai masa mako biyu bai lafa ba, abin da ya kamace shi shi ne ya je a gwada kakinsa, ko da kuwa yana ganin ya san musabbabin tarin. A Kaduna dalilai ba su da wuyar samu. Idan hunturu ne a ce ƙura ce, idan damina ce a ce sanyi ne ya shiga ƙirji, mai aikin walda a Panteka ya ce hayaƙi ne, direban Keke Napep kuma ya ɗora wa salansar motocin da yake bi tun safe. Dukkansu suna sa tari, babu musu, amma tarin fuka ma haka yake farawa, a hankali, ba tare da ya kwantar da mutum ba, har sai ya daɗe yana cin huhu yana kuma yaɗuwa ga waɗanda ake kwana ɗaki ɗaya da su. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa kimanin mutum rabin miliyan ne ke kamuwa da cutar a Nijeriya kowace shekara, adadin da ya zarce na kowace ƙasa a Afirka, kuma da yawa daga cikinsu ba sa isa inda za a gano su. Wuraren gwaji suna nan, kuma gwajin kaki da maganin duk kyauta ne a asibitocin gwamnati. Abin da ya fi ƙaranci shi ne sanin ƙofar da za a shiga da abin da za a nema bayan an shiga.

Wanda ya kamata ya je

Babbar alama ita ce tari na mako biyu ko fiye. Sau da yawa yana zuwa da zazzaɓi mai tasowa da yamma, da gumin dare wanda ke jiƙa riga har da shimfiɗa, da rama, da rashin jin daɗin abinci, da kasala. Jama'a sun fi tsorata idan suka ga jini a kaki, amma kuskure ne a jira sai jini ya fito, domin masu cutar da yawa ba su taɓa ganinsa ba, kuma sau da yawa fitowarsa na nufin cutar ta riga ta yi nisa.

Akwai waɗanda ba a buƙatar su jira cikar mako biyun. Mai ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki ya je a gwada shi da zarar tari, ko zazzaɓi, ko rama, ko gumin dare ya bayyana, ko da na kwana biyu ne. Haka nan duk wanda ke zaune gida ɗaya da mai tarin fuka, musamman yara 'yan ƙasa da shekara 5, ya kamata a duba shi ko da babu tari. Mai ciwon sukari, da mai shan taba, da masu aikin fasa dutse da haƙar ma'adinai, da wanda ya fito daga gidan gyaran hali, da ɗaliban da ke kwana a cunkushe a makarantun kwana da tsangayu, duk sun fi sauran jama'a haɗarin kamuwa, saboda haka bai dace su raina tari ba. Allurar BCG da ake yi wa jarirai tana kare yara daga nau'o'in cutar masu tsanani, amma tabonta a kafaɗa ba hujja ba ne na cewa babban mutum ba zai kamu ba.

Inda za a nufa

Shawarata ita ce a fara da ƙaramin asibitin gwamnati mafi kusa da gida. Jihar Kaduna tana da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 255, kuma an tsara cewa kowace mazaɓa tana da cibiyar lafiya ta matakin farko. Da yawa daga cikin waɗannan cibiyoyi suna da ma'aikacin da aka horar a kan tarin fuka, kuma a asibiti ana kiran sashen da suna DOTS, wato tsarin da ake bai wa majinyaci magani ana sa masa ido har ya kammala. Idan an isa, a gaya wa mai yankan kati ko ma'aikaciyar jinya kai tsaye cewa an shafe mako biyu ana tari kuma ana son gwajin kaki na tarin fuka. Faɗin haka yana da amfani ta fuska biyu: ba za a sallami mutum da maganin mura ba, kuma a wurare da dama ba a barin mai tari ya zauna cikin dogon layi tare da masu ciki da jarirai.

Ba kowace cibiya ce ke da na'urar gwajin ba, kuma wannan bai kamata ya sa a juya ba. Yadda aka tsara aikin shi ne ƙananan cibiyoyi su karɓi kaki, su rubuta suna da lambar waya, sannan a ɗauki kwalaben, yawanci a kan babur, zuwa asibitin da ke da na'ura, sakamakon kuma ya dawo inda aka bayar da kakin. Amfanin wannan yana bayyana daga baya, domin idan aka samu cutar, maganin na wata shida ne, kuma wanda ya fara a asibitin unguwarsu ya fi samun sauƙin zuwa karɓar magani a kan wanda zai riƙa hawa mota biyu daga Rigasa ko Maraban Jos zuwa tsakiyar gari. Kuɗin mota ya sa mutane da yawa sun yanke magani a tsakiya, kuma yanke magani ya fi jinkirin sakamako na kwana biyu illa nesa ba kusa ba.

Wanda jikinsa ya yi tsanani, kamar mai haki, ko mai aman jini, ko wanda ya rame har ba ya iya tafiya, ya zarce babban asibiti. A cikin garin Kaduna akwai Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, da Asibitin Yusuf Ɗantsoho da ke Tudun Wada, da Asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri, da babban asibitin Kawo, da asibitin sojoji na 44. A Zariya akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika da Asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan. Mutanen kudancin jihar kuma suna da Asibitin Patrick Ibrahim Yakowa da ke Kafancan. A manyan asibitoci sashen tarin fuka yakan kasance a gefe guda, wani lokacin a bayan gine-gine, saboda ana so iska ta riƙa ratsa shi, don haka a tambayi inda yake tun daga bakin ƙofa a maimakon a yi ta zagaye.

Jihar Kaduna tana da wani gata da jihohi da yawa ba su da shi. A ƙauyen Saye da ke gefen Zariya ne Cibiyar Horaswa ta Ƙasa a kan Tarin Fuka da Kuturta take, inda ake horar da ma'aikatan da ke wannan aiki daga sassan ƙasar nan, kuma a nan ne ake da babban ɗakin gwaje-gwaje na ƙasa da ake aika samfura idan ana so a shuka ƙwayar cutar a ga magungunan da ke kashe ta da waɗanda take bijire musu. Ana kuma jinyar masu tarin fuka mai bijire wa magani a can. Sai dai ba lallai ba ne mai tarin mako biyu ya ɗauki hanyar Saye daga Kakuri ko Unguwar Sanusi. Gwajin farko iri ɗaya ne ko'ina, kuma idan lamarin ya kai ga buƙatar Saye, asibitin da aka fara zuwa ne zai tura kakin ko majinyacin da takarda.

Idan an rasa sanin cibiya mafi kusa, akwai layin kyauta na shirin yaƙi da tarin fuka na ƙasa, wato 3340, wanda ake kira a nemi bayani. Haka kuma kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in da ke kula da tarin fuka da kuturta, kuma sashen lafiya na sakatariyar ƙaramar hukuma ya san yadda za a same shi. Wasu asibitocin kuɗi da na mishan, har da wasu masu kemis, suna cikin shirin, suna karɓar kaki ko su tura mutum inda za a gwada shi. Kafin a biya komai a irin waɗannan wurare, a tambaya ko suna aiki da shirin gwamnati, domin idan suna yi, gwajin kakin da maganin ba na sayarwa ba ne, ko da za su karɓi kuɗin kati da na ganin likita.

Gwajin da za a nema

Gwajin da hukuma ta sa a gaba shi ne na na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010. Ana zuba kakin a wani ɗan mazubi a saka cikin na'urar, ita kuma cikin kamar awa biyu ta nuna ko akwai ƙwayar cutar, ta kuma nuna ko ƙwayar tana bijire wa rifampicin, wanda shi ne ginshiƙin magungunan tarin fuka. Wannan bayani na biyu shi ne ya sa ta fi tsohuwar hanyar duba kaki a madubin likita, wadda ba ta ganin ƙwayar sai ta yi yawa, kuma ba ta cewa komai game da bijirewa. A wasu cibiyoyi ana amfani da wasu na'urori makamantanta, irin su Truenat da ke aiki da batir a inda wutar lantarki ba ta tsayawa. Awa biyun aikin na'ura ne kawai; idan aka haɗa da jigilar kaki da layin samfura da ɗaukewar wuta, sakamako yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki.

Hoton ƙirji yana taimakawa, amma shi kaɗai ba ya yanke hukunci, domin ciwon sanyin haƙarƙari da tabon tsohuwar cuta suna iya kama da tarin fuka a hoto. A asibitoci da yawa ana biyan kuɗinsa, saboda haka a tafi da ɗan guzuri. Abin da nake ganin asarar kuɗi ce tsantsa shi ne gwajin jini na gaggawa da wasu ɗakunan gwaji masu zaman kansu ke yi suna cewa na tarin fuka ne. Tun 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a daina amfani da irin wannan gwaji saboda yawan kuskurensa. Gwajin fata da ake yi da allura a hannu kuma yana nuna cewa ƙwayar ta taɓa shiga jiki ne kawai, ba ya nuna cewa ita ce ke sa tarin yanzu.

Akwai kuma wata ɓarna da ake yi kafin a isa asibiti, wato zagayen kemis. Ana shan maganin tari na ruwa, a sha kafso kala-kala, tari ya yi sauƙi na mako guda ya dawo. Wasu daga cikin magungunan da ake sayarwa barkatai, irin su ciprofloxacin da levofloxacin, suna raunana ƙwayar tarin fuka ba tare da sun kashe ta ba, sai su ɓoye cutar a lokacin gwaji, su kuma koya wa ƙwayar bijire wa magungunan da likita zai buƙata nan gaba. Wanda ya riga ya sha irin waɗannan ya faɗa wa ma'aikacin lafiya, ko ya tafi da kwalayensu. Haka nan wanda aka taɓa yi wa maganin tarin fuka a baya, ko ya kammala ko bai kammala ba, kada ya ɓoye, domin wannan yana canza irin binciken da za a yi masa.

Yadda ake bayar da kaki

A nan ne gwaji da yawa ke lalacewa, domin abin da ake kaiwa ɗakin gwaji yawu ne, na'urar kuma ba ta samun abin da babu shi a cikin kwalba. Abin da ake so shi ne kaki mai kauri da ya fito daga ƙirji. Za a ba mutum 'yar roba mai murfi, an rubuta sunansa a jikinta. Ya fara kurkure baki da ruwa, musamman idan ya ci goro ko abinci. Sannan ya fita fili inda iska ke kaɗawa, nesa da mutane, ba banɗaki ko wani ɗaki rufaffe ba. Ya ja numfashi mai zurfi ya riƙe na ɗan lokaci ya saki, ya maimaita sau biyu ko uku, sannan ya yi tari da ƙarfi daga ƙasan ƙirji ya tofa a cikin robar, ba tare da ya ɓata bayanta ba. Kimanin cikin ƙaramin cokali ya wadatar. Ya rufe murfin sosai ya wanke hannu da sabulu.

Idan kaki ya ƙi fitowa a asibiti, ana iya bai wa mutum robar ya tafi da ita gida. Kakin farko na asuba, kafin a ci komai, shi ne mafi kyau. A dawo da shi a ranar, a kuma kare shi daga zafin rana a hanya. Shaƙar tururin ruwan zafi da shan ruwa sosai da daddare suna taimakawa wajen sassauta ƙirji.

Mata da yawa suna jin nauyin yin kaki a gaban mutane, sai su tofa ɗan yawu su miƙa don su huta. Ya kamata ma'aikata su nuna musu wurin da ke da sirri, su ma matan su nemi hakan ba tare da kunya ba. Ga magidanta kuma, matar da take tari tana ramewa ba izinin zuwa kemis take buƙata ba, rakiya take buƙata zuwa asibiti, domin ita ce ke goyon jariri, ita ce ke kwana da yara, kuma idan cutar ce, su ne farkon waɗanda za su ɗauka. Juna biyu ba ya hana gwajin kaki, sai dai a sanar da ma'aikata kafin a ɗauki hoton ƙirji.

Yara ƙanana ba su iya fitar da kaki, haɗiye shi suke yi, shi ya sa yanzu ake karɓar kashinsu a gwada a na'urar. Alamar cutar a jikin yaro ma ba lallai ta zama tari ba: yaron da ya daina ƙiba, ko ya daina wasa, ko zazzaɓinsa ya ƙi jin maganin cizon sauro, a kai shi a kuma faɗi ko akwai mai tari a gidan. Cutar tana kuma kama wasu sassa ban da huhu, kamar kaluluwar wuya, da ƙashin baya, da ciki, da ƙwaƙwalwa. Irin wannan ba ya fitowa a kaki, sai a babban asibiti inda za a ɗebi ruwa ko tsoka daga wurin. Akwai nau'in da ake ɗauka daga shanu ta hanyar madarar da ba a tafasa ba, abin lura ga masu kiwo da mahauta. Duk wanda ya zo gwajin tarin fuka kuma za a yi masa tayin gwajin cuta mai karya garkuwar jiki. Wannan ƙa'ida ce ga kowa, ba zargi ba ne, kuma amfaninsa shi ne idan cututtukan biyu sun haɗu a san yadda za a jera magungunansu.

Bayan sakamako ya fito

Kafin a bar asibiti a tabbatar an bayar da lambar waya mai aiki da kwatancen gida, a kuma tambayi ranar dawowa. Idan ranar ta wuce ba a kira ba, a koma da kai; shiru ba ya nufin babu cuta. A kwanakin jira a riƙa rufe baki da hanci yayin tari, a bar tagogi a buɗe, a kuma rage kwana ɗaki ɗaya da ƙananan yara idan da hali. Ta iska cutar ke yaɗuwa, saboda haka ware wa mutum kwano da kofi, ko ƙin yin musabaha da shi, ba ya kare kowa, sai dai ya sa na gaba ya ɓoye nasa tarin.

Idan na'ura ba ta ga ƙwayar ba amma tari da rama suna ci gaba, a koma a faɗa. Likita zai iya sa a sake kawo kaki, ko a ɗauki hoto, ko ya binciki wata cuta daban kamar asma ko ciwon zuciya. Idan ta ga ƙwayar kuma ba ta bijire wa rifampicin, za a auna nauyin mutum a buɗe masa kati a fara magani ba tare da ɓata lokaci ba: wata biyu na farko ana shan haɗin magunguna huɗu, wato rifampicin da isoniazid da pyrazinamide da ethambutol, sannan wata huɗu ana shan biyun farko. Na ƙwaƙwalwa da na ƙashi sukan kai shekara. Ana sake duba kaki a ƙarshen wata na 2 da na 5 da na 6. Fitsari zai koma ja-ja, wannan aikin rifampicin ne, ba abin tsoro ba ne. Abin da ke buƙatar komawa asibiti nan take shi ne idanu su yi ɗorawa kamar na mai shawara, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ƙuraje su feso, ko gani ya fara dusashewa. Matar da ke amfani da ƙwayoyin tazarar haihuwa ko ashanar hannu ta faɗa, domin rifampicin yana rage musu ƙarfi. Mai shayarwa kuma ta ci gaba da shayarwa.

Idan na'ura ta nuna bijirewa, za a haɗa majinyaci da ma'aikatan da ke kula da wannan nau'in, a kuma tura kakinsa don ƙarin bincike. Shi ma maganinsa kyauta ne, kuma ya yi sauƙi a kan da, lokacin da ake shafe kusan shekara biyu ana sha har da allurai. Tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin ƙwayoyi na wata shida ga akasarin masu wannan nau'in.

Yawancin majinyata suna jin sauƙi cikin 'yan makonni, haɗarin yaɗa cutar ma yana raguwa sosai bayan kamar mako biyu ana shan maganin da ya dace, kuma daidai nan ne ake ruɗuwa a ajiye magani. Ƙwayar da ta rage a huhu ita ce mafi taurin kai, ita ce kuma ke dawowa a matsayin mai bijirewa. Shi ya sa ake neman majinyaci ya gabatar da wani na kusa da shi, ɗan'uwa ko maƙwabci, wanda zai riƙa tabbatar da ya haɗiyi maganin kullum.

Dukkan mutanen gidan su je a duba su. Waɗanda ba a samu cutar a jikinsu ba ana iya ba su maganin rigakafi na wata uku ko shida, musamman yara ƙanana da masu raunin garkuwar jiki. Wanda kuma tafiya ta kama shi yana tsakiyar magani, ko cirani, ko komawa ƙauye aikin gona, ya sanar da sashen DOTS kafin ya tashi. Za su rubuta masa takardar canjin asibiti zuwa cibiya mafi kusa da inda za shi, su kuma ba shi maganin da zai ishe shi har ya isa.